Zuwa ga ƙannena da suka shiga jami'a bana

Assalamu alaikum. Tun da aka fara rajista hankalina ke kan ƙannenmu da Allah Ya ba gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ta Bauchi da jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau.

Ƙanina, na san abin da ke cin ranka. A sakandare kai ne zakara, kai ake kira ka fito allo, har shugaban makaranta ya san sunanka. Yau ga ka a ɗakin lacca a harabar ATBU ta Gubi, ɗaki ya cika maƙil, ka rasa benci ka tsaya bakin taga da littafi a hannu. Wani ya miƙe ya zuba Turanci kamar ruwa, kai kuwa tambaya na bakinka ka haɗiye ta don kada a yi wa harshenka dariya. Ta wannan ƙofar Shaiɗan ke shigowa, ya raɗa maka cewa nan ba wurinka ba ne.

Wallahi ƙarya yake. Ubangijin da Ya tsallakar da kai WAEC da JAMB bai kawo ka nan don Ya tozarta ka ba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza. Lura, ya hana mu gazawa. Yarda da kai irin ta mumini kyautata zato ce ga Allah, babu ruwanta da girman kai.

Dubi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ATBU ke ɗauke da sunansa. Daga ƙauye ya fito, ya yi Kwalejin Katsina, ya dawo yana koyarwa a Midil ta Bauchi, a 1945 ya tafi Landan ƙaro ilimi. Turancin da daga baya duniya ta saurara, a aji ya koye shi, kamar yadda kake koya yanzu.

Ke ma ƙanwata da ke nake. Ki riga kowa zuwa, ki zauna a gaba, ki yi tambayarki ko murya na rawa. Ki nemi darussan bita da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN) ke shiryawa. Makin zangon farko yana bin ɗalibi har ranar fita, don haka kada a bari sai jarrabawa ta ƙarato.

In kuma an liƙa sakamako ka ga kwas ya kayar da kai, yi kukanka a sujada, ka share hawaye. Washegari bayan Asuba ka je wurin wanda ya ci kwas ɗin, ka ce: ɗan'uwa, don Allah koya mini.