Kishiyar da Ke Littattafanmu Tana Buƙatar Dalili

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafan Hausa, tun daga na kasuwar Kano da suka bunƙasa a shekarun 1980 zuwa waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, zai iya lissafa mutanen da zai tarar tun kafin ya buɗe bango. Marainiya mai haƙuri, kishiya ko matar uba da ba ta da aiki sai mugunta, ɗan masu kuɗi mai ji da kai, uwar miji da ta tsani talaka, ƙawa mai zuga, sai boka a can cikin dutse. Ni ban ga laifin dawowarsu ba, domin akwai su a gidajenmu. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauko su daga tatsuniya mu dire su cikin littafi ba tare da mun ƙara musu komai ba.

A tatsuniya an san Gizo da wayo da kwaɗayi, kura da haɗama, dila malamin daji, 'yar mowa da 'yar bora kowa da halinta. Ba wanda ke tambayar abin da ya sa kura take haka, saboda daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus" bai fi minti goma ba. Littafi kuwa yana iya kaiwa shafi ɗari uku ko fiye. Hali guda ɗaya tak ba zai iya ɗaukar wannan doguwar tafiya ba. Shi ya sa za ka ga marubuci ya kai babi na goma dabara ta ƙare masa, sai ya riƙa ƙara wa kishiya mugunta: jiya ta zuba gishiri a miya, yau ta sa guba, gobe ta sace jariri. Muguntar na ƙaruwa, amma matar tana nan yadda take a shafin farko.

Gyaran yana farawa ne kafin a rubuta layin farko. Ɗauki takarda ka amsa tambaya uku game da kishiyar: me take so, me take tsoron rasawa, kuma wa take ƙauna da gaske? In amsarka ita ce "tana son ta ga bayan amarya", ba ka amsa ba tukuna.

Ga misali. Uwargida ce da ta yi shekara ashirin a gidan, 'ya'yanta huɗu duk mata. Ita ta sayar da gadonta na ƙarfe da kwanukan jerenta lokacin da jarin maigida ya karye. Yanzu arziki ya zo, ya yi amarya. Da can kullum girkinta ne, yanzu kwana biyu gare ta, biyu ga wata. Kuɗin cefane ya rabu. Sannan ga lissafin da ba ta faɗa wa kowa: idan maigida ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma yanzu su biyu za su raba shi. Idan amarya ta haifi namiji, rabonsa ninkin na kowace 'yarta ne, kuma dangin miji za su soma kallonsa a matsayin magajin gida. Matar da ke kwana da wannan lissafi ba sai ka kai ta wurin boka ba kafin mai karatu ya ji tsoronta. Ya isa ka nuna ta tana yi wa amarya mai ciki sannu, idonta na kan cikin. Wannan bai wanke ta daga laifin da za ta aikata ba. Amma mai karatu zai ga ta inda laifin ya ɓullo, kuma wata mai karatun za ta gane kanta a ciki, wanda shi ne amfanin rubutun tun farko.

Ka kuma ba ta aƙalla fage biyu da amarya ba ta ciki. Bari mu gan ta tana jinyar mahaifiyarta, ko tana ƙirga kuɗin adashi don kayan ɗakin babbar 'yarta. Wanda ba ya bayyana sai in zai cuci wani, ba a jin sa kamar mutum.

Matsalar marainiya ta fi wannan girma a wurina. An mayar da haƙuri ya zama rashin motsi. A dake ta ta yi kuka, a hana ta abinci ta yi kuka, har mai mota ya zo ya kusa kaɗe ta a hanyar talla, shi ke nan ta huta. A duk tafiyar ba ta yanke shawarar komai ba. Haƙurin da muka sani a wurin iyayenmu mata ba haka yake ba. Mace ce da ke da damar rama cuta ko tona asiri, ta auna, ta zaɓi ta yi shiru saboda ƙannenta. Don haka a kowane babi uku, sa yarinyar nan ta zaɓi wani abu da zai ja mata asara. Ka bar ta ta yi kuskure ma, ta yi ƙarya sau ɗaya don tsoro, ƙaryar ta dawo mata.

Sai maganar siffa. Ta kirki fara ce doguwa mai gashi har gadon baya, muguwa kuwa baƙa gajera mai faffaɗan hanci. 'Yan mata masu shekara goma sha biyar ne ke karanta wannan, yawancinsu kuma baƙaƙe ne, ga man bilicin cike da kasuwa. Bayan haka yana kashe labarin, domin tun daga bayanin fuska an gama sanin wa zai ci nasara.

Gwaji mai sauƙi game da magana: rufe sunayen masu zance a shafi guda, ka ba wani ya karanta. In bai iya bambance Hajiya da 'yar aikinta ba, bakinka ne ke magana a madadinsu duka. Tsohuwa tana zagaye da karin magana da habaici, ba ta kiran sunan ɗan fari. 'Yar jami'a tana yanke zance gajere. Bakano ya ce "zan je", Basakkwace ya ce "za ni tai".

Boka kuwa ya zama mafakar marubuci. Da zarar an rasa yadda za a bayyana abin da ya sa miji ya wulaƙanta matarsa ta fari, sai a ce an mallake shi. Da wannan kalma ɗaya an sauke masa nauyin duk abin da ya yi, ranar da asiri ya karye ya yi kuka a yafe masa. In dole sai ka sa asiri, nuna mana raunin mutumin tun kafin a je wurin boka: yadda yake gudun rigima, yadda yake son a yabe shi, yadda ya saba jin maganar wanda ya riga kai ƙara.

Haka nan ƙarshen muguwa: hauka, hatsarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki. Akwai bayin Allah da ke kwance da shanyewar ɓarin jiki saboda hawan jini, ba su cuci kowa ba, kuma 'ya'yansu na karanta littattafan nan. Sakamako ya fito daga abin da ta shuka da hannunta. Uwargidan da ta yi shekaru tana koya wa 'yarta zargi da gaba, sai 'yar ta kasa zaman aure, ta dawo gida da saki na biyu, ta zauna a ɗakin uwar tana maimaita kalmomin da ta koya a bakinta.