Ni fa likita na zo gani

Ranar da na fara kai ƙaramar ɗiyata asibitin unguwa a nan Manchester, ciwon kunne ya hana ta barci, sai aka ce nas ce za ta duba ta. Raina ya sosu, na ɗauka an raina mu ne don mu baƙi. A sanina aikin nas bai wuce allura da ƙarin ruwa da wankin ciwo ba.

Matar ta sa na ɗora yarinyar a cinya, ta leƙa kunnen da wata 'yar fitila mai tsini, ta saurari ƙirjinta, ta tambayi kwanan zazzaɓin. Ta ce farasitamol ya isa, in an kwana uku ba sauƙi mu dawo. Na fito ina ƙunƙuni, ko allura babu! Kwana biyu yarinya ta koma ɓarnarta.

Ashe irin waɗannan nas-nas sun yi ƙarin karatu mai zurfi, kuma tun 2006 dokar Ingila ta yarje wa masu shaidar horon su rubuta kusan kowane magani da kansu. A Amurka aka fara tsarin, a Jami'ar Colorado a 1965, inda nas Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka ga yaran karkara ba sa samun likita.

To mu a ƙauyenmu wa ya taɓa ganin likita? Malamin asibitin sha-ka-tafi muke ce wa likita, shi ne na zazzaɓi, shi ne na kaciya, shi ake tasa tsakar dare. A 2014 ma gwamnatin Najeriya ta amince a sauke wa irinsu wasu ayyukan likitoci. Ni ina goyon bayan haka, amma da sharaɗi. Nas ɗin nan, in abu ya shige mata duhu, ƙofa ɗaya za ta ƙwanƙwasa ta samu likita. Namu malamin, bawan Allah, ba shi da wanda zai kira, sai dai a shiga neman mota zuwa babban asibiti. An ɗora masa kaya ba gammo.

A ba nas-nas ɗinmu wannan karatun, da lambar likitan da zai ɗauki waya, da albashin da zai zaunar da su. Juma'ar da ta wuce, wanda ya tsaya kusa da ni a sahu nas ne ɗan Zariya, bara ya iso.