Kafin ka sayi katin girafik, kwance murfin kwamfutarka ka duba

Assalamu alaikum ƙannena masu buga gem a kwamfuta. Maganar kuɗin da kuke tarawa wata da watanni nake so mu yi, wani daga ɗinki, wani daga gyaran waya, wani daga ɗan abin da iyaye ke ba shi na makaranta. Rana ɗaya sai a kwashe su duka a miƙa wa mai shago, a karɓo katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoton gem, wanda kwamfutar da ke gida ba za ta iya ɗauka ba. Abin yana ci mini rai, domin da an kwance ƙusoshi biyu an leƙa ciki tun farko, da ba a yi wannan asarar ba.

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu tokumbo ne na ofis, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk masu furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Intel i5 zubi na 3 ko na 4, ƙirar wajen 2012 zuwa 2014. Don aikin rubutu da lissafi aka yi su. Cire murfin gefe, ka nemi fawa-fak, akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga cikinsa. Akwai takarda manne a jikinsa da ke faɗin ƙarfinsa. A siraran OptiPlex za ka tarar da 240W ko 255W. Daga nan ka bi wayoyin da suka fito daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ka nemi mai baƙin kai da ramuka shida ko takwas. A irin waɗannan injinan da wuya ka same ta. To RX 580, katin da kowa ke yi wa kirari, ita kaɗai tana jan kusan wat 185, kuma sai da wannan wayar take tashi.

A nan ne wani zai ce maka akwai adafta da ake jonawa da wayar SATA, wato wayar da ke kai wuta ga ma'ajiyar fayiloli. Don Allah kada ka yarda. Ba a yi wayar SATA don wannan nauyin ba. Zafi take yi har robar ta narke, kuma idan fawa-fak ya ƙone, sau da yawa da madabod, babban faifan da komai ke jone a kansa, yake tafiya. Ramin da ake soka katin a jikin madabod wat 75 yake bayarwa, saboda haka mai irin wannan injin ya tsaya a katin da wannan ya ishe shi: GTX 1050 Ti, GTX 1650, ko RTX 3050 mai 6GB da ta fito a 2024, samfurinsu da ba ya neman waccan wayar mai ramuka shida. Idan akwatin siriri ne, sai ka nemi gajeren samfurinsu, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wanda Allah ya hore wa babban akwati da fawa-fak mai kyau na wat 500 zuwa sama, zaɓinsa ya fi yawa, amma shi ma furosesa na jiran sa. Ka kunna gem ɗin da ka fi bugawa, ka buɗe manhajar MSI Afterburner mai nuna nauyin aikin furosesa da kati, ka kalli alƙaluman. Idan furosesa ya kai 100 cikin 100 alhali katin da kake da shi yana hutawa, sabon kati ba zai raba ka da sarƙewar hoto ba, ko da RTX 4060 ka sa. A ganina, tsohon i5 ko i7 bai kamata a haɗa shi da abin da ya wuce GTX 1660 Super ko RX 6600 ba, musamman ga mai allon 1080p. Mai RAM 8GB da tsohon hadis (hard disk) kuwa, ya fara kai RAM 16GB ya sa SSD, ma'ajiyar fayiloli mai sauri, zai ji canji da kuɗi kaɗan. Kati biyu kuma ku bar wa masu sababbin injina: RX 6500 XT, da ƙarfinta ke raguwa a tsohon rami na PCIe 3.0, da Intel Arc, da ke buƙatar tsarin Resizable BAR wanda tsofaffin madabod ba su da shi.

Kasuwar na hannu tana buƙatar ido. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika duniya, wasu an wanke su an sake musu kwali. Akwai kuma jabu tsagwaronsa, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Juya bayan katin ka duba. Idan ka ga shuɗin ramin VGA a jikin abin da aka ce maka 1050 Ti ne, ajiye shi ka yi gaba, domin wannan zubin na Nvidia ba ya fitar da hoton VGA. Kada ka biya sai an soka katin a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z ka karanta sunansa da girman ma'ajiyarsa, a sa manhajar gwaji ta FurMark ta gasa shi kamar minti ashirin, kana kallon ko fankokin duka suna juyawa, ko ɗigo-ɗigo masu launi sun bayyana a allo. Mai kaya mai gaskiya ba ya ƙin gwaji, kuma ka nemi ya rubuta maka a rasit kwanakin da za ka iya dawo da kaya.

Ku tuna kuma a ina muke zaune. Kati mai cin wuta da yawa yana shanye batirin inbata da wuri, yana ƙara wa ɗaki zafi a watan Afirilu, ƙurar hunturu kuma tana toshe masa hanyar iska idan ba a hure shi a kai a kai.

Abin da na fi roƙon ku shi ne kada ku ci bashi, kada ku taɓa kuɗin rajistar makaranta ko jarin sana'a saboda aboki ya ɗora hoton katinsa a WhatsApp. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 take farawa. Ke nan mai zubi na 4 ko ba daɗe ko ba jima zai canja madabod da furosesa da RAM a lokaci guda. Ya sayi kati matsakaici da injinsa zai ɗauka yau, wanda kuma zai iya cirewa ya mayar a sabon injin, ragowar kuɗin ya adana su don wancan canjin.