Shayin rage tumbi a jakar 'yar sakandare

A hutun da ya wuce 'yar yayata, mai shekara 15, ta zo mana kwana biyu. Aka zuba mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ta yi loma biyu ta ture kwano, wai tana rage ƙiba. Cikin dare sai ga ta tana ta zarya banɗaki. Da matata ta matsa mata, ta zaro wani kwalin shayi daga jaka, na wata mai talla a TikTok, babu lambar NAFDAC, babu sunan kamfani. Yarinyar da ko iska mai ƙarfi za ta kayar, ita ce ke neman rage tumbi.

Irin wannan shayi sau da yawa filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani da wanke ciki. Ruwan jiki yake zubarwa, kitse na nan inda yake. Sikeli ya nuna an ragu, bayan kwana biyu a koma gidan jiya.

Namu ma ya fi na Turawa cakuɗewa. Can rama ake talla. Nan so ake ciki ya ɗame, ƙasa kuma ta cika. Shi ya sa wadda ta sha filasko da safe za ta iya haɗiyar sha-ka-fashe da dare, wato su dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki idan aka daɗe a kansa. Samari kuwa suna can suna ɗaga ƙarfe, suna neman ƙirjin da mai bidiyon bai faɗa musu allurar da ya yi kafin ya samu ba.

Za a ce tarbiyya ce, a ƙwace waya kawai. Ban musa rawar iyaye ba, amma kamfanonin kafafen sada zumunta sun san abin da suke yi. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin, wanda shi ke da Instagram, inda binciken kamfanin da kansa ya nuna kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da ke jin haushin surar jikinsu sun ce Instagram na ƙara musu wannan damuwa. Manhajar na lura da inda yatsa ya tsaya, sai ta ƙaro irinsa. A 2025 TikTok bai toshe maudu'in SkinnyTok mai tallata rama ba sai da Faransa ta taso shi a gaba. Ostareliya kuwa doka ta yi tun 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a kafafen sada zumunta.

Ban ga wannan dokar za ta yi aiki a nan ba, inda yarinya ke shiga da wayar yayarta. Amma mai sayar da shayin ba ɓuya take yi ba: fuskarta, lambar wayarta da ta asusun bankinta duk suna manne a ƙasan bidiyo. Hukumar NAFDAC da ke iya kai samame kasuwar magani ba ta da hujjar cewa ta kasa gano ta.