"Ki daure" ba magani ba ne

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Maganar wata yarinya mai jego ce, da yadda ta ƙare. Ta fito ta ce kan nononta ya tsage har yana jini, in yaro ya kama sai ta ji kamar numfashinta zai ɗauke, sai manyan mata masu 'ya'ya biyar-biyar suka yi mata caa da "ki daure, haka kowa ta yi". Ta daure ɗin. Da abin ya gagara, wata ta ce ta daina ba shi wannan ɓangaren har ya warke. Ta daina. Yau ga shi sai da aka tsaga nonon aka fitar da mugunya. A cikin duk masu ba da shawarar nan babu wadda ta yi mata tambaya ɗaya tak da ta dace: yaya kike riƙe yaron?

Zan faɗa, kuma zan yi ta faɗa har ku gaji da ni. Ɗan zafi a kwanakin farko, daidai lokacin da yaro ya cafki nono, ana samunsa kuma yana wucewa. Amma zafin da yake nan daga farkon sha har ƙarshe, ga tsagewa ga jini, mafi yawan lokuta abu ɗaya yake nufi: yaron bai kama daidai ba. Kan nonon kawai ya samu, yana ta murza shi tsakanin harshe da ganɗarsa mai tauri. Jariri kuwa yana sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, wani ma ya fi haka. Wace fata ce za ta jure wannan murzar dare da rana? Kuma shi kansa yaron ba ya samun abin kirki a haka, sai ya daɗe yana tsotsa bai ƙoshi ba, ya yi ta kuka, a dawo a ce wai nonon uwar ne ba ya isa. Laifi biyu aka ɗora mata ke nan, alhali gyaran zama kawai take bukata.

Na taɓa zama kusa da wata ƙanwata tana shayarwa a satinta na farko. Tana bakin gado ba abin jingina, ta sunkuya har bayanta ya lanƙwashe, yaron yana kwance rigingine a cinyarta wuyansa a murɗe, ita kuma ta matse nonon da yatsu biyu tana cusa masa kan a baki. Yana kamawa na ga 'yan yatsun ƙafarta sun ƙanƙame, ta cije leɓe. Na ce ta sa ƙaramin yatsa a gefen bakinsa ta saki kamun a hankali, kada ta fizge. Muka jingina ta da matashi, muka juyo da yaron gaba ɗaya cikinsa ya manne da nata, hancinsa saitin kan nonon. Na ce ta jira, kada ta yi gaggawa. Da ya wangale baki sosai sai ta jawo shi da sauri, haɓarsa ta fara taɓa nonon. Ta yi shiru, sannan ta ɗago ta ce, "Yaya, ai ban ji zafin ba." Nonon bai canza ba, yaron bai canza ba.

Yaro ake kawowa wajen nono, ba nono ake kai wa yaro ba. Kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su zama a layi ɗaya. Ke gwada shan ruwa wuyanki a karkace gefe, ki ji ko zai haɗiyu da daɗi. A tallafe jikinsa duka, kada a danne masa ƙeya, a bar kan ya ɗan yi baya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna koyar da alamomi huɗu na kamu mai kyau, kuma ba sai mai digiri ke gane su ba: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa tana taɓa nono, sannan baƙin da ke zagaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Ki duba kumatunsa, a cike ya kamata su kasance, ba su lotsa ba. Ki saurari haɗiyarsa. In ya saki, ki dubi kan nonon. Idan ya fito a baje ko a matse da wani farin layi a kai, kamun bai yi ba, a sake.

Kuma wa ya ce zama iri ɗaya ne dole? Wadda aka yi wa tiyata ba sai ta ɗora yaro a kan ɗinki tana hawaye ba. Ta rungumo shi ta ƙarƙashin hammata, ƙafafunsa suna bayanta, tafin hannunta a wuyansa. Haka ma masu 'yan biyu da masu manyan nono suke samun sauƙi. Wadda zama ke yi wa wuya ta kwanta a gefe, yaro ya fuskance ta. Wata kishingiɗa ce ta fi mata, ta ɗora shi a ƙirji ya laluba da kansa. Duk wanda ya yi miki, shi ne daidai, muddin kamun ya yi kyau.

Na san me za ku ce. Wai iyayenmu ba su koyi duk wannan ba suka raine mu. Sun koya mana, ido suka zuba suka gani a wajen na gaba da su, waɗanda ba su dace ba kuma sun sha wuya sun yi shiru. Shirunsu bai zama hujja ba. Wai wata kan nononta ne ya shige ciki ko ya baje. Ai yaro ba kan yake sha ba, nonon yake cika baki da shi, kuma da yawansu suna shayarwa lafiya lau idan an taimaka musu tun farko. Eh, akwai jaririn da harshensa yake ɗaure ta ƙasa, akwai ciwon fata da ke kama kan nono. To, ko wannan ɗin ma dubawa yake so. Babu ko ɗaya a ciki da dauriya ke warkarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar a daina ba yaro ɓangaren da ke ciwo. Bayan dakashi, wajen kwana na 3 zuwa na 5, ruwan nono yana zuwa da ƙarfi, nono ya cika ya yi tauri har yana sheƙi. Idan ya yi taurin da yaro ba zai iya kamawa ba, ki ɗan tatsa da hannu har gaban ya yi laushi, sannan ki ba shi. Tsakanin sha da sha ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki bari wata ta zo ta murje miki shi da ƙarfi wai tana fasa ƙulli, ƙara kumbura naman ciki take yi. Ƙungiyar likitocin shayarwa ta duniya ma ta sabunta ƙa'idarta a 2022, ta ce a bar matsa mai ƙarfi da yawan tatsa fiye da bukatar yaro. Ki cire matsattsiyar rigar nono. Ki daina dirje kan da sabulu, yana da maiƙonsa na halitta. Idan wani gefe ya yi zafi ya yi ja, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ki ci gaba da shayarwa, nonon bai lalace ba kuma ba zai cutar da yaro ba. Amma in an kwana an wuni ba sauƙi, ko jikin ya yi tsanani tun kafin nan, asibiti za ki tafi, don wataƙila sai da magani. Jinkiri a nan shi ke kai mutum ga ƙurji. Haka duk wani ƙullin da ya ƙi ɓacewa, a kai wa likita ya gani.

Su ma ma'aikatan lafiya ina da magana da su. Tun 1991 aka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, kuma a cikin matakansa goma har da taimaka wa uwa ta fara ta kuma shawo kan matsalolin farko. Don Allah, kafin a sallami mai haihuwar fari, wata ta ja kujera ta zauna ta kalli sha ɗaya daga farko har ƙarshe. Muna ta gaya wa mata nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2. Ta yaya wadda ke tsoron kukan ɗanta saboda azaba za ta kai wata 6?

Sannan ku masu shigo min da maganar wai shayarwa ce ke zubar da nono, har wata ta ce mijinta ne ya hana ta saboda haka. Binciken da aka yi ya fi danganta zubewar da ɗaukar cikin kansa, da yawan haihuwa, da shekaru, da shan taba. Nonon ya riga ya buɗe tun ciki yana wata uku, ko ta shayar ko ba ta shayar ba. Malam, in har ka yarda a yi cikin, ka bar yaro ya sha abincinsa, ka tashi ka miƙo mata matashi da ruwan sha.