Nasiha ga 'Yan'uwana Matasa kan Diclofenac da Danginsa

'Yan'uwana matasa, a yawancin gidajenmu mu ne ake aika kemis. Idan gwiwar Inna ta kumbura da sanyin hunturu, ko ƙugun Baba ya riƙe bayan ya dawo daga gona, ɗayanmu ne zai karɓi kuɗi ya je ya ce a ba shi maganin ciwon jiki, kuma sau da yawa abin da yake dawowa da shi shi ne diclofenac, ko ibuprofen, ko piroxicam, ko ma dukkansu a haɗe cikin 'yar leda, babu kwali balle takardar bayani. Shi ya sa nake ganin wannan magana ta fi hawa kanmu fiye da dattawan da ke haɗiyar ƙwayar, domin wanda ya sayo shi ya kamata ya san abin da ya kawo gida.

Ban zo in kushe maganin ba. Diclofenac ya shiga kasuwa tun shekarar 1973 daga kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan da sunan Voltaren, kuma har gobe likitoci suna rubuta shi ga masu amosanin gaɓɓai, da masu ciwon haƙori, targaɗe ko ciwon mara, saboda yana sassauta zogi yana kuma saɓe kumburi. Sai dai hanyar da yake bi ya yi wannan amfani ita ce dai hanyar da yake bi ya yi ɓarna. Jiki yana samar da wani sinadari mai suna prostaglandin, wanda shi ke jawo kumburi da raɗaɗi a inda aka ji ciwo, kuma tun 1971 masanin nan na Ingila, John Vane, ya gano cewa aspirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki samar da shi. To, wannan sinadarin ne kuma yake sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne kuma yake taimaka wa jijiyoyin ƙoda su buɗe jini ya wadace ta. Ƙwayar ba ta san gwiwa daban, tumbi daban ba. Ko'ina ta isa, aiki ɗaya take yi. Don haka masu cewa a yi musu allura domin kada ciki ya taɓu suna yaudarar kansu ne, tunda ta cikin jini maganin ke kaiwa ga tumbi. Sha bayan cin abinci yana rage ƙwarnafi da zafin ciki, kuma haka ya kamata a yi, amma ba ya kawar da haɗarin gyambon ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗi. Iyakar abin da babban mutum zai sha na diclofenac a yini shi ne miligiram 150, allurarsa kuma miligiram 75 ce, wadda ba a wuce kwana 2 ana yi. Ibuprofen da mutum ya saya da kansa kada ya haura miligiram 1,200 a yini. Piroxicam kuwa miligiram 20 ne sau ɗaya tak a yini, domin yana daɗewa a jiki kwanaki bai gama fita ba. Yanzu ku dubi mutumin da ya sha Cataflam da safe, da rana abokin aikinsa ya ba shi Olfen, da dare kuma ya je aka tsira masa allurar Voltaren: a zatonsa magunguna uku ya yi amfani da su, alhali diclofenac ɗin nan ne ya ninka wa kansa. Haɗa biyu daga wannan dangi ba ya ƙara sauƙi yadda ake tsammani, illar ce kawai take ƙaruwa. Mafi muni shi ne a tarar cikin ledar har da prednisolone ko dexamethasone, waɗanda idan suka haɗu da irin waɗannan ƙwayoyi suke ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Mai talla da ke yawo da faranti ko baro a tasha, magani na shan rana tun safe, ba zai tambaye ka shekarun Baba ba, ba kuma zai tambayi ko yana da hawan jini ba.

Kada mu ɗauka dattawa kaɗai abin ya shafa. 'Yan dako, 'yan ga-ruwa, leburorin gini da masu tuƙa babur da yawa sun mai da waɗannan ƙwayoyi maganin gajiya, kullum sai an sha kafin a kwanta. Wanda ya yini yana zuba gumi a zafin watan Afrilu, ko yake azumi, ko yake fama da gudawa da amai, ruwan jikinsa ya ragu, ƙodarsa kuma ta dogara ne kacokan a kan sinadarin nan da ƙwayar ke toshewa. A irin wannan hali ne ƙoda ke samun rauni farat ɗaya, ita kuwa ba ta cika yin kuka da wuri ba, sai ƙafafu sun fara kumbura, fitsari ya ragu. A Indiya, ungulayen da ke cin mushen shanun da aka yi wa diclofenac sun mutu da ciwon ƙoda har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'insu suka ƙare, abin da ya sa gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Mutum ba ungulu ba ne, jikinsa ya fi jurewa nesa ba kusa ba, amma gaɓar da ke shan wahalar ita ce dai ƙoda. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san yadda yake cinye dukiyar gida, kuma abin takaici ne a ce garin neman barcin dare ɗaya aka kai ga haka. 'Yan'uwanmu masu sikila su fi kowa kiyayewa, domin ƙodarsu dama tana cikin haɗari.

Zuciya ma ba ta tsira ba. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da diclofenac ga wanda ke da ciwon zuciya ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, sannan a 2015 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗinta cewa haɗarin bugun zuciya na iya farawa tun makonnin farko na shan wannan dangin magani. Suna kuma ɗaga hawan jini, suna rage ƙarfin magungunansa. Mai shan maganin hawan jini na lisinopril tare da ƙwayar sa fitsari, idan ya ɗora diclofenac a kai, ya matse ƙodarsa ta fuska uku. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, da mai gyambon ciki, da mai asmar da aspirin ke tayar wa, duk ba nasu ba ne sai da izinin likita. Ku kuma 'yan'uwa mata, ku sani FDA ta yi gargaɗi a 2020 cewa daga mako na 20 na juna biyu waɗannan ƙwayoyi na iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan mahaifa, a watanni 3 na ƙarshe kuwa an hana su gaba ɗaya.

Amosanin gaɓɓai ciwo ne na shekaru, kuma diclofenac ba ya warkar da shi, zogin kawai yake kwantarwa. Idan zaizayar guringuntsin gwiwa ce irin ta tsufa, man shafawa na diclofenac yakan wadatar, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Rage ƙiba da motsa gaɓa a hankali su ma suna taimakawa ƙwarai. Idan kuwa irin wanda ke kama yatsun hannaye duka biyun ne, su sandare da safe fiye da rabin awa, to akwai magunguna irin su methotrexate da ke hana gaɓa lalacewa, waɗanda likita ne kaɗai ke ba da su, kuma kowane watan da aka ɓata ana danne ciwon da ƙwayar kemis, gaɓar ce ke ƙara nakasa. Ga ƙaramin ciwo a fara da paracetamol, ba tare da babban mutum ya wuce giram 4 a yini ba. Wanda dole sai ya daɗe a kan diclofenac, likita kan haɗa masa da omeprazole domin kare tumbi, ya kuma riƙa duba shi.

Ina roƙonku ku riƙa lura da iyayenmu, domin su da kawaici ba za su faɗa ba. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, ciwon ciki mai tsanani, kumburin ƙafa ko fuska, ƙarancin fitsari, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kowanne ya isa a dakatar da maganin a tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Haka gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. In za ku saya, ku karɓa cikin kwalinsa, ku duba suna da miligiram, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku ƙi karɓar ƙwayar da ba ku san sunanta ba. Idan kuma Inna ta kai mako tana sha ba likita ne ya rubuta ba, ku tattara duk kwalaye da ledojin da ke ƙarƙashin matashinta, har da na gargajiya, ku kai ta a auna jininta, a yi mata gwajin ƙoda, ku zube su gaban likita ya gani da idonsa.