"Zai yi, Oga": kalmar da ta cinye mini bidiyon biki

Sau uku ina hawa Keke Napep daga Yelwa zuwa Wunti a kan wani ɗan katin ƙara wa kwamfuta ramukan USB da bai kai tafin hannu ba, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima. Bidiyo kuwa cin wuri gare shi, shi ya sa na sayi tsohuwar Dell OptiPlex ta gwanjo, irin siraran nan na ofis, na ajiye ta a gida ta zama saba, wato rumbun da nake juye aiki. Aibinta ɗaya: ramukanta duk USB 2.0 ne. A takarda megabit 480 ne a daƙiƙa, wato megabait 60, a aikace da ƙyar take tura megabait 35. Bikin kwana uku mai gigabait 300 sai ya ci sama da awa biyu, kana zaune kana addu'ar kada a ɗauke wuta. Alhali USB 3.0 tun 2008 ya fito, gudunsa ya ninka wancan sau goma. Na ce to, in sa mata katin USB 3.0 in huta.

Na shiga shago na yi bayani tiryan-tiryan. Yaron shagon ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, ya miƙo kwali ya ce, "Zai yi, Oga." Na iso gida, na kwance murfi, kati ya ƙi rami. Ashe tsohon PCI ya ba ni, mai dogayen haƙora, kwamfutata kuwa sabon samfurin ramin soka kati gare ta, wato PCIe. Wannan fa bambanci ne da ido ke gani. Mutum yana sayar da takalmi amma bai san akwai lamba ba!

Komawa ta biyu aka ba ni na PCIe, amma da dogon ƙarfen ɗauri na manyan akwatuna. Siririyar kwamfuta gajeren ƙarfe take so, kuma masu ƙera katin sukan haɗo shi a kwali. Ina ya shiga? Oho. Da na koma karo na uku, sai yaron ya ce in cire ƙarfen da sukundireba in soka katin haka nan. Wato in bar shi yana lilo, duk sanda na tura wayar USB ya motsa a cikin rami. Sai da na ɗaga murya mutane suka fara leƙowa, sannan aka lalubo ƙarfen a ƙasan durowa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona ni shi ne maganar wuta. A gindin katin akwai wani soket irin na SATA, wato irin wanda ake ba had-disk wuta da shi a cikin kwamfuta. Na nuna masa na ce, wannan fa? Ya ce, wallahi haka ya ce, "Ado ne, Oga." Ado! Ramin PCIe bolt 12 da bolt 3.3 kaɗai yake bayarwa, USB kuma bolt 5 yake ci. Ko dai katin ya rage wutar da kansa, ko ya ja ta kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta ta wannan soket ɗin. Nawa yana ɗan ragewa, abin da zai tayar da filash, shi ya sa da na gwada filash ya kama lafiya lau, na saki jiki. Amma had-disk na waje mai juyawa yakan nemi har miliyamfa 900 da ramin USB 3.0 ya kamata ya ba shi. Na jona biyu. Ana tsakiyar rubutu na ji ƙas, ƙas, ƙas, ɗaya ya ɓace daga allo. Da ya dawo sai Windows ta ce wai in yi masa fomat.

A cikinsa akwai bikin 'yar wata Hajiya, tun daga kamu har buɗan kai. Ni kuma na riga na goge memorin kamara saboda wani aiki da ke jirana a Dass. Wannan gangancina ne, ban musa ba. Amma da an gaya mini soket ɗin na aiki ne, da wayar wuta guda ta raba gardama.

Maganar direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, ma kada a tono. Windows 7 da ke kan kwamfutata ba ta san USB 3.0 ba, sai daga Windows 8 ta 2012 aka sa shi a ciki. Na tambayi wace ƙwaƙwalwa ce a kan katin, Renesas ce ko VIA ko ASMedia, don in san abin da zan sauko da shi. Amsa: "Orijinal ne." Da tocilan waya na karanta lambar da kaina. Haka kuma ba wanda ya ce mini ramukan USB huɗu na katin hanya ɗaya suke rabawa, wadda a PCIe 2.0 ba ta wuce megabait 500 a daƙiƙa, duk yawan abin da ka jona.

Na je wa mai shagon da kansa, dattijo har da carbi a hannu. Na ce, "Alhaji, yaronka ya jawo mini asara." Ya nuna mini rubutun ƙasan rasit, ya ce, "Malam, kaya in ya fita ba ya dawowa. Ka yi haƙuri, ƙaddara ce." Ƙaddara ce ta hana ku karanta bayan kwalin da kuke sayarwa? Kuɗin kati kun karɓa cif, ba ku ce in biya rabi in bar wa ƙaddara rabi ba.

Wani mai gyara ne a unguwarmu ya sa mini 'yar wayar raba wuta daga ta SATA, minti biyar bai yi ba, tun daga nan faifan bai sake ƙas ba. Ya kwana biyu yana tono abin da ya lalace, ya ceto kamu da ɗaurin aure. Buɗan kai ya tafi.

Jiya da magariba Hajiya ta sake kira. "Ɗana, amarya tana ta tambaya, yaushe za a kawo?" Na ce mata jibi, in sha Allah, kuma har yanzu ban san da wane baki zan gaya mata ba.